Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Sakkwato: A Yi Wa Wayar Ƙarƙashin Ƙasa Burtali

Mai girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
Alhaji Ahmed Aliyu Sokoto,
Gidan Gwamnati, Sakkwato.



  

Na san takardun da ke cika teburinka na tsaro ne da ruwan sha da albashi da taki. Tawa ta wani abu ce da ba kasafai ake kawo maka ƙararsa ba, don a binne yake, kuma ranar da ya lalace ba kai ake zagi ba, kamfanin waya ake zagi. Sai dai na yi shekaru a bakin rami ina duba leburori suna binne wayar sadarwa, kafin gwiwa ta ce in zauna, kuma abin da na gani ya nuna mini cewa rabin maganin ciwon yana hannunka.

Kwanakin baya na tsaya a wani titi cikin gari inda ake haƙa magudanar ruwa. Katafila ta nitsa bokitinta, ta ɗago, sai ga wani bututun roba ya biyo haƙoranta, ya miƙe kamar hanji, ya tsinke. Direban ya leƙo ya duba, ya ce wa yaronsa, "Babu ruwa ciki, babu wuta ciki, ja shi gehe." Yaro ya ja ya jefar, aiki ya ci gaba. Ban yi nisa da wurin ba na iske mutane sun yi cincirindo a rumfar wani mai POS, wani dattijo yana ɗaga waya sama yana juya ta gabas da yamma yana cewa, "Kuɗɗi sun hita, ba su shiga ba." Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da ya faru a bayan layinsu. Direban ma bai san ya yi ɓarna ba. Ban kuma ga laifinsa ba, domin ba wanda ya gaya masa akwai wani abu a wurin, ba alama a sama, ba takarda a hannunsa.

Ka yi mini haƙuri in ɗan bayyana abin da ke cikin bututun nan, don mutanenmu da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka sabis iska ce kawai. Idan tsohuwa a Mabera ta kira ɗanta da ke Legas, muryarta ba ta tafiya a iska sai daga hannunta zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan wataƙila farantin da ke saman ƙarfen ya cilla ta zuwa wani ƙarfen, amma ba da daɗewa ba sai ta gangara ƙasa ta shiga wayar fayiba. Ita kuwa silin gilashi ce, kaurinta bai wuce na gashin kai ba, haske ne ke gudu a cikinta ɗauke da murya da hoto da kuɗi. Igiya ɗaya takan ƙunshi sili 24 ko 48 ko 96. Hanyar da mota ke bi ita waya ke bi, a kafaɗar titi, ko ta Gusau da Funtuwa, ko ta Jega da Yawuri da Kwantagora, har ta dangana da bakin teku, tafiyar kusan kilomita dubu. Can Legas manyan igiyoyin ƙarƙashin teku ke sauka, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010 da Equiano da ta iso a 2022. Ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da huɗu daga cikin irin waɗannan igiyoyi suka tsinke a gaɓar Kwaddebuwa? Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa tura kuɗin cefane a Tsohuwar Kasuwa.

Mu a Sakkwato mu ne wutsiyar layin. Duk wanda ya yanke waya tsakaninmu da teku ya yanke mu, alhali mu in an yanke a nan ba wanda ya sani sai mu. Shi ya sa masu sana'ar ke son a shimfiɗa waya kamar zobe, ta shigo gari ta wata ƙofa ta fita ta wata, in an yanke gabas saƙo ya kewayo ta yamma. Basakkwace ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan haɗarin hanya guda. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gadar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jami'a sukutum ta koma tsibiri.

Gyaran waya kuma ba ɗaurin igiyar guga ba ne. Sai an harba haske daga ofis da na'urar da ke auna nisan inda ya tsaya, a ce ga shi a kilomita kaza da mita kaza, a tashi mota, a nemo wurin, a tone, a fere kowane sili, a narka bakinsa da na ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta ɓata haɗin, shi ya sa da hunturu a cikin mota muke rufe kanmu mu yi. Kowane haɗi kuma yana rage wa hasken ƙarfi kaɗan. Wayar da aka yanke sau talatin aka haɗa sau talatin ta zama tsohuwar tayar da faci ya yi wa yawa, tana tafiya, amma ba a dogara da ita.

Abin ba ƙarami ba ne. Gwamnatin tarayya da kanta ta ce a shekarar 2024 an yanke wayar fayiba fiye da sau dubu 50 a Nijeriya, kuma kimanin dubu 30 daga ciki aikin titi ne ya jawo, na tarayya da na jihohi. Wato ɓarawo da ɗan jari-bola da ke zaton akwai tagulla a ciki suna nasu, amma babban mai yanka shi ne ɗan kwangilar da gwamnati ta biya. Hannun dama na gini, na hagu na rushewa, kuma duk jiki ɗaya ne. Wannan ne ya sa a farkon 2025 ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ta sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don kare wayar. Kwamitin Abuja kuwa iyakarsa titin tarayya. Titin Ahmadu Bello da na Sarki Yahaya da na Abdullahi Fodiyo, da lungunan Gidan Igwai da Minanata da Tudun Wada, ba wanda zai zo daga Abuja ya tsare su.

Za ka iya cewa sadarwa hurumin tarayya ce, kuma gaskiya ne. Lasisi na hukumar NCC ne a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003, ƙarafan sabis galibi na kamfanoni ne irin su IHS da ATC, layuka na MTN da Airtel da Glo da sauransu. Amma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. Ba wanda zai binne ko taku ɗaya na waya a titin jiha ba da izininka ba, ba kuma katafilar da za ta tone ta face da takardar kwangilar da ta fito daga ma'aikatarka. Su ke da waya, kai ke da ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya kula da hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin abin da talakawa ke bin shugaba. A yau kaso mai yawa na cinikin Sabuwar Kasuwa ta cikin silin gilashin nan yake bi. Ban ga yadda za a fitar da shi daga lissafin hanya ba.

Ba na cikin masu cewa a daina aikin titi. Wanda ya taɓa ratsa Mabera da damina, ruwa har gwiwa, ba zai yi ƙorafi don ya ga ana haƙa kwata ba. Ana ganin kwalta da fitilu a unguwannin da suka daɗe ba su gani ba, Allah ya saka. Amma yawan aikin shi ne ya sa maganar ta zama ta gaggawa, don kowane sabon titi tona ne, kowane tona kuma caca ce da abin da ke ƙasa, bututun hukumar ruwa ne ko wayar wuta ko ta sadarwa.

Kakanninmu sun warware irin wannan tun ba a san kwalta ba. Manomi na son gona, makiyayi na son hanya, sai aka yanka burtali, aka ce nan shanu za su bi, ba mai shuka a ciki, kowa ya san iyakarsa, sarki da hakimi da ardo sun shaida. Inda aka kiyaye burtali an zauna lafiya, inda aka cinye shi kuwa kai ka fi kowa sanin abin da ya biyo baya, don kai ke karɓar rahoton. Abin da nake roƙo ke nan, a yanka wa waya burtali a gefen kowane titi, a ce daga bakin kwata zuwa taku kaza na waya ne, zurfinsa kaza, a rubuta, a zana, a ajiye.

Zanen nan shi ne farkon komai, kuma shi ne abin da na fi jin tsoron babu. Ka gwada, ranka ya daɗe. Ka kira taron kwamishinan ayyuka da shugaban hukumar tsara birane da na hukumar ruwa da wakilan kamfanonin waya, ka shimfiɗa taswirar birni, ka ɗora yatsa a shataletalen Dandima ka ce a gaya maka abin da ke ƙarƙashin nan, na wane ne, a wane gefe, zurfin nawa. In an ba ka amsa guda, ka yi watsi da wasiƙata. A iya sanina kowane kamfani na riƙe da tasa taswira kamar asirin gado, wani ma tasa a ofis aka zana ta, ba ta dace da inda lebura ya bi ba, domin lebura ya tarar da dutse ko tushen darbejiya ya kauce bai faɗa wa kowa ba. Bututun ruwa kuma akwai waɗanda sai wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ne kaɗai ya san inda suka bi. Jihar tana da hukumar SOGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Wadda ta iya riƙe iyakar fulotin kowa za ta iya riƙe hanyar waya. A sharɗanta wa duk mai neman izinin haƙa cewa ba za a rufe fayil ɗinsa ba sai ya kawo zanen inda ya bi a zahiri, da ma'aunin na'ura, bayan an gama aikin. Waɗanda suka riga suka binne a ba su wa'adi su kawo nasu. Za su ce sirrin kasuwanci ne da na tsaro, kuma suna da hujja, don haka kada a manna taswirar a bango, a ajiye ta a ofis ɗaya, ɗan kwangila ya ga yankin da zai taɓa kawai.

Ofis ɗayan nan ma wata magana ce. Birnin Sakkwato ya daɗe da fin ƙarfin ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu. Arkilla tana Wamakko, Kwannawa tana Dange Shuni, wani gefen ya shiga Kware. Igiyar da ba ta kai kilomita 15 ba sai ta ratsa ƙananan hukumomi uku, ta taɓa titin jiha, ta tsallaka na tarayya. In kowa zai fito da rasidinsa da igiyarsa ta tare hanya, aikin wata biyu sai ya ci shekara, kuma injiniyan da ke zaune a Legas yana raba kasafin bana zai ɗauke kuɗin ya kai inda ba a wahalar da shi. Ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. A ba ofis guda wuƙa da nama, ko a ma'aikatar ayyuka ko a ta fasahar zamani, shi ke karɓar takarda, shi ke zagayawa da ita sauran ofisoshi, ya ba da amsa cikin kwanakin da doka ta yanka. Shi ne kuma zai riƙe lambar waya guda da duk mai shirin haƙa zai kira. A Amurka tun 2007 lamba 811 ake bugawa kafin a sa diga a ƙasa, ko da mutum shinge zai kafa a gidansa, masu waya da masu bututu su zo su shafa fenti inda kayansu suke. Mu ba mai hana mu yin haka da lambar waya ɗaya da ma'aikata uku da babur biyu da gwangwanin fenti. A sa a cikin kowace takardar kwangilar titi cewa sai an ba da sanarwar mako biyu, an zagaya tare da masu waya, an yi ramin gwaji da hannu kafin katafila ta shiga. Wanda ya bi wannan ya yanke waya a inda taswira ta ce babu, ba ruwansa. Wanda ya ƙi bi ya yanke, a cire kuɗin gyara daga cikin kuɗinsa kafin a biya shi. Sau biyu kacal za a yi haka labari ya gama gari.

Sai batun kuɗin izinin haƙa, wanda na san masu tara haraji za su ja maka riga a kansa. Tun 2013 majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda gwamnoni ke zama a cikinta, ta amince da naira 145 a kowace mita, aka sake jaddadawa a 2020. A shekarar ce Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuma ta yafe gaba ɗaya, daga baya Katsina da Kebbi da Zamfara su ma suka yafe. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. A naira 145, kilomita ɗaya naira dubu 145 ke nan, kilomita ɗari kuma naira miliyan 14 da rabi, sau ɗaya tak, kuɗin da bai sayi motar kwamishina ba. A naira 4,500 kuwa kilomita ɗaya miliyan huɗu da rabi ne tun ba a sa diga ba, kuma a nan ne kamfani ke naɗe tabarmarsa. Duk abin da Sakkwato za ta karɓa, ni a ganina gara ta karɓe shi a aiki. A ce mun yafe muku kuɗi, amma duk igiyar da ta wuce ta ƙofar asibiti ko makaranta ko sakatariya a sauke mata reshe, a kuma bar wa jiha sili biyu a ciki. A rubuta shi a doka ta majalisa, don sanarwar baki tana tafiya da wanda ya yi ta. Kuma a tabbata abin da aka yafe ta ƙofa bai dawo ta taga da sunan kuɗin dubawa ko kuɗin muhalli ba.

Kada ka ɗauka na zo yi wa kamfanoni lauya. Na ci abinci a cikinsu, na san halinsu. Kwangilar binne waya takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso ga mai diga, kowa ya yagi rabonsa, a bar wa na ƙarshe ƙashi. Lebura kuma da mita ake biyansa, ba da zurfi ba. Ƙa'ida ita ce rami ya kai kimanin mita guda ko fiye, a shimfiɗa yashi, a kwantar da bututu, a rufe rabi, a ja kirtanin gargaɗi mai launi a sama yadda mai tona zai fara cin karo da shi, sannan a kafa 'yan turakun siminti a waje. To a inda aka tarar da marmara, ga rana ta Afrilu da ke wuce digiri 40, ga azumi wani lokaci, na sha ganin ramin da bai kai gwiwa ba an rufe shi da sauri kafin mai dubawa ya iso. Na taɓa sa a tone mita ɗari biyu a sake, ɗan kwangilar ya kwana uku ba ya amsa sallamata. Irin wannan waya ko mai dashen bishiya ya isa ya yanke ta. Ga kuma yanka kwalta sabuwa a tsallaka da waya a cike da jar ƙasa a tafi, damina ɗaya wurin ya zama rami, alhali akwai injin da ke huda ƙarƙashin titi ba tare da ya taɓa samansa ba. Don haka ofishin da na ambata ya zama yana da haƙori ta kowane gefe. Kada a rufe rami sai ma'aikacin jiha ya sa ma'auni ya ɗauki hoto, kuma kamfani ya ajiye kuɗin jingina da ba za a mayar masa ba sai titin ya ga damina guda bai lotsa ba.

Mafi arha duka shi ne a tona sau ɗaya. Kaso mafi girma na kuɗin shimfiɗa fayiba ba na wayar ba ne, na haƙa ne da mayar da ƙasa. Ranar da ɗan kwangilarka ya buɗe gefen titi don kwata, ramin ya riga ya samu kyauta. A kwantar da bututun roba huɗu ko shida babu komai a ciki, a yi ramukan dubawa masu murfin siminti, don na ƙarfe ba ya kwana, a kuma tsallaka da bututu a kowace mahaɗa. Abin da zai ƙaru a kan kuɗin titin kaɗan ne. Gobe duk kamfanin da ya zo sai ya zura wayarsa ya biya haya, ba mai sake fasa kwalta. Da an yi haka lokacin gadojin sama na Rijiyar Ɗorawa da Runjin Sambo da sauran manyan ayyukan da suka gabata, da yanzu jiha na karɓar haya. Legas ta kama wannan hanya tun 2020 da shirin bututun bai-ɗaya na kilomita 3,000, tana kuma da hukumar LASIMRA mai kula da abin da ake binnewa. A ɗauki darasin, amma a yi hattara da miƙa bututun ga kamfani ɗaya ya zama shi ke yanka farashi yadda ya ga dama. Farashin haya ya zama a rubuce, ɗaya ga kowa.

A nan zan ja maka kunne a kan wasu baƙi da na tabbata za su zo, in ma ba su riga sun zo ba, da kwamfuta da hotuna masu kyau, su ce jiha ta ci bashi ta kafa kamfanin intanet nata. Ranka ya daɗe, ka ba su ruwa su sha, ka sallame su. NITEL da aka kafa a 1985, da duk ƙarfin gwamnatin tarayya, layukan da ta iya samarwa kafin zuwan wayar salula a 2001 ba su wuce kimanin dubu 400 ba a ƙasar gaba ɗaya, ta ƙare a gwanjo. A gida ma muna da tashar wutar lantarki ta jiha mai megawat 38 da aka ba da kwangilarta a 2008, ta shafe fiye da shekara goma jama'a ba su ci moriyarta ba. Na'urar sadarwa tana tsufa cikin 'yan shekaru, tana son mai kwana a kanta. Bututun roba a cikin ƙasa kuwa ba ya son mai ba ya son albashi, yana nan shekara da shekaru. Jiha ta tsaya a rami da bututu da taswira.

Ƙarafan sabis ba zan daɗe a kansu ba. Wutar Kaduna Electric ba ta riƙe su, janareto da dizal da batir ke riƙe su, zafinmu kuma yana cin batir kamar gara. Abin da suke so daga gare ka biyu ne, kada wani jami'in haraji ya sa wa ƙarfe kwaɗo saboda rigimar rasidi ya jefa unguwa cikin duhu, kuma a shigar da masu unguwanni da hakimai cikin tsaronsu ta hannun majalisar Sarkin Musulmi. Tun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne babba. Amma takardar Abuja ba ta hana a sace batir da ƙarfe biyun dare. Mai unguwar da aka gaya masa cewa ƙarfen nan amanarsa ce, shi ke hanawa.

Mun kuma ɗanɗani rashin sabis da gangan. A watan Satumba na 2021, bayan Zamfara, an rufe layuka a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ba zan yi jayayya da niyyar waɗanda suka yanke shawarar ba, lokacin wuta ta kai gemu. Sai dai harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba a cikin wannan duhun ya faru, mutanen bakin iyaka kuma suka koma neman layin Nijar, masu hali suka riƙa shigowa birni don kiran waya kawai. Abin da ya shafi sana'ata a ciki shi ne ƙarfen da aka kashe wata da watanni ba ya tashi da danna maɓalli. Batir ya mutu, an kwashe abin da za a kwashe, injiniya kuma na tsoron hanyar. Allah ya sa kada a sake, amma in tilas ta sa, a rubuta yadda za a kunna tun ranar da za a kashe.

Dalilin da ya sa na rubuto yanzu ban bari sai baɗi ba, manyan ayyuka biyu ne ke tafe. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar a 2024, daga Illela ta faro. Ga kuma shirin tarayya na shimfiɗa fayiba kilomita dubu 90, a ƙara a kan kimanin dubu 35 da ake lissafawa, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ke jagoranta, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 500 dominsa a 2025. Duka biyun na tarayya ne, amma a ƙasarka za su bi. Hanyar Badagiri ita ce damar da Sakkwato za ta samu ƙofa ta daban zuwa teku, in an kwantar da bututu a gefenta tun ana gini, kuma bakinta na arewa yana kallon Ƙonni ta Nijar, inda albasarmu da shanunmu ke bi kullum. Wannan magana ce da gwamna zai ɗauka da kansa ya kai wa ministan ayyuka, tun siminti bai bushe ba. Shirin kilomita dubu 90 kuwa zai fara sauka ne a jihohin da suka share fage. Ba a fafe gora ranar tafiya. In masu aikin suka iso suka tarar da ofis ɗaya da taswira da farashi a rubuce da jerin asibitoci da makarantu da cibiyoyin jarrabawar JAMB da muke son a fara kai wa, za su yi namu su wuce. In suka tarar da rasidi bakwai, za mu ji labari a rediyo.

A kuma tanadi masu aikin daga gida. Akwai lokacin da waya ta yanke mana da la'asar muka kwana muna jiran mai haɗi ya taso daga wata jiha, ga injin a mota, ba mai iya riƙe shi. Sana'ar nan ba ta fi 'yan watanni a koya ba. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za ta iya horar da yara ashirin a shekara in an saya mata injin haɗi biyu da na'urar aunawa, a kuma sharɗanta wa kamfanoni su ajiye tawagar gyara a cikin gari. Ka dubi yaran da ke gyaran waya a bakin kasuwa, suna cire abin da ido da ƙyar yake gani su mayar. Hannun da ya iya wannan zai iya silin gilashi.

Damina na ɗaukewa katafiloli za su dawo titi gadan-gadan. Roƙona na kusa shi ne kafin ka sa hannu a kwangilar titi ta gaba, ka sa a ƙara mata shafi ɗaya, na sanarwar mako biyu da zagayen haɗin gwiwa da bututun da za a kwantar a gefe. Sauran za su iya biyo baya a hankali.

Guntun bututun nan da yaron direba ya jefar, na koma na ɗauko shi, yana nan a zaurena da silin gilashin a ciki. In ka aiko, sai in bayar a kawo maka ka gani da idonka.

Allah ya ƙara wa Gwamna lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai duba aikin binne waya,
Mabera, Sakkwato.